Kafin a Kwance Injekta, a Dubi Salansa

A cikin hunturun bara, da asuba, a-kori-kurar kawuna ta ƙi tashi a ƙofar gidansa, alhali tun dare aka ɗaure mata buhunan albasa. Hilux ce mai injin dizal, samfurin da ake kira 2KD. Idan aka murɗa makulli injin na juyawa, sai dai ba ya kamawa. Kafin hantsi ya dubi ludayi mutum uku sun yanke mata hukunci. Wani ya ce batir ne, wani ya ce nozul, shi kuwa bakaniken da aka kira ya ce a kwance injekta a kai birni. Duk cikinsu babu wanda ya zagaya bayan motar ya dubi salansa.

Ra'ayina a kan wannan shi ne, yawancin asarar da mai motar dizal ke yi a irin wannan rana ba daga lalacewar motar take fitowa ba. Daga canje-canjen kaya bisa zato take fitowa. Injin da ke juyawa bai tashi ba ya riga ya ba da rabin amsa, saura a yi masa tambayoyi bi da bi, a fara da waɗanda ba sa cin ko kwabo.

Injin fetur yana jiran tartsatsin fulogi kafin mai ya kama. Injin da Rudolf Diesel ya gwada cikin nasara a Augsburg ta ƙasar Jamus a 1897 ba shi da wannan tartsatsi. Fistin ne ke matse iska zalla har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 18 na girmanta a injin 2KD, ko ɗaya cikin 22 a tsofaffi irin 3L da 5L. Matsin kan kai zafin iskar sama da digiri 500, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Saboda haka abu uku kawai injin ke nema: mai ya iso da ƙarfi a kan lokaci, iska ta matsu ta yi zafi, juyawar kuma ta yi sauri. Duk wata cuta da za a ambata tana ƙarƙashin ɗaya daga cikin ukun nan.

A nan salansa ke da amfani. A sa wani ya murɗa makulli na daƙiƙa goma, wani ya tsaya a baya. Idan farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana fita, mai yana shiga silinda, ƙonewa ce ba ya yi, sai a nemi matsalar a wajen zafi. Idan babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya isowa. Kallo ɗaya ya raba aikin gida biyu.

Kunne ma shaida ne. Batir mai rauni kan iya juya injin, amma a hankali, kuma iskar da aka matse a hankali tana zubar da zafinta a jikin ƙarfe kafin mai ya iso. Injin dizal yana son juyi wajen 150 zuwa 200 a minti ɗaya kafin ya kama. Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, kansa ne ya yi tsatsa, ko wayar da ta haɗa shi da jikin mota ta saki. Idan kuwa sautin juyawar ya sauya, ya zama sakayau ba tare da nishin da aka saba ji ba, a saki makulli nan take, a duba bel ɗin taimin. A injunan KD kamfanin Toyota ya sa a canza shi a kilomita 150,000, kuma da yawa daga cikinmu kashe fitilar gargaɗin muke sa a yi, mu bar bel ɗin.

Farin hayaƙi da sanyin safiya yakan nuna hita-fulogi, wato ƙananan sandunan da ke ɗumama ɗakin ƙonewa kafin a tayar. Tsofaffin injunan L sun dogara da su ƙwarai. A zafin bazara mota na iya yin wata da watanni biyu daga cikin huɗun sun mutu ba a sani ba, sai daren hunturu a Jos ko Agadas ya tona asiri. Ƴar mita mai arha ta isa a gwada kowanne. Sai an wanke su daga zargi sannan ake maganar ringi da auna matsin silinda.

Motar kawu ba ta fitar da hayaƙi, don haka hanyar mai ce abin bi, kuma daga tanki ake farawa, ba daga injekta ba. A kan filtar mai akwai ɗan famfo da ake dannawa da hannu. Idan an danna sau ashirin ko talatin ya yi tauri, mai ya cika hanya. Idan ya ci gaba da laushi, iska na shiga ta wani wuri. Wannan cuta tana da wayo, domin daga tanki zuwa famfo tsotsar mai ake yi, ba turo shi ba. Tsagar da ba ta ɗigar da mai ko ɗigo ɗaya tana iya shan iska duk dare, man ya sulale ya koma tanki. A ƙasan filtar kuma akwai maɓallin tsiyaye ruwa. Duk wanda ke sayen gas a jarka a bakin hanya ya kamata ya san wurinsa kamar yadda ya san aljihunsa.

Daga nan hanya ta rabu tsakanin tsohon inji da sabo, kuma a nan ne nake ganin garejinmu da yawa suka tsaya a zamanin da ya wuce. A tsohon injekta akwai wata ƴar na'urar lantarki da ke buɗe wa mai ƙofa idan an kunna makulli, ana jin ƙas ɗinta, in ba a ji ba a bi waya da fis. A kan sassauta bututun nozul a ga ko mai na tsartuwa, kuma wannan dabara ta yi wa mutane aiki shekara da shekaru. Sabon tsari, wanda ake kira komon-rel, wani abu ne daban. Famfo ɗaya ke tara mai a bututu guda da matsin da kan wuce ba 1,300 idan mota na aiki, ƙwaƙwalwar mota kuma ita ke buɗe kowane nozul. Ba za ta buɗe ba sai ta ga matsin ya kai wajen ba 200 zuwa 300, ta ga saƙon na'urar da ke ƙirga juyin karanshaf, ta kuma gane makullin. Nozul ɗaya da ke mayar da mai baya fiye da kima ya isa ya zubar da matsin duka huɗun. Ana gane shi da ƙananan kwalabe huɗu da siraran tiyo, a ga wadda ta riga cika. Haka ma ɗan bawul ɗin da ke auna man da ke shiga famfon Denso, sananne ne wajen maƙalewa, kuma ana canza shi ba tare da an sauke famfon ba. Sassauta bututu a irin wannan inji kuwa ganganci ne. Man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata ya shiga nama, ramin kamar na allura, amma yana iya kai mutum ga rasa yatsa.

Akwai wata al'ada da na fi ƙi duka, ta jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin iska. Na san hujjar masu yi: motar kan tashi, kuma tashin na nuna silinda na da matsi. Gaskiya ne. Amma fetur ba ya jiran lokacin da aka tsara, yana fashewa tun fistin na hawa, ya doki ringi da kan fistin. Idan hita-fulogi na da zafi, wutar na iya dawowa ta inda mai tsumman yake tsaye. Ana biyan kuɗin tashin yau da ran injin.

Ba zan ɗora wa bakanike laifin shi kaɗai ba. Mu masu mota mun saba biyan abin da ido ya gani. Wanda ya kwance famfo ya baje shi a kan buhu ya yi aiki a ganinmu, wanda ya yi sa'a guda yana sauraro da aune-aune kuwa sai mu ce bai taɓa komai ba. Na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota tana da tsada, kuma ita ma ba alƙali ba ce. Lambar P0087 cewa kawai take yi matsin mai ya yi ƙasa, ba ta ce famfo ya mutu ba. Filta da ta toshe ma tana kawo ta. Mai karanta lambar ya aika a sayo famfo bai bambanta da mai zato ba, illa dai zatonsa ya fi tsada.

Wajen azahar aka samu wani bakanike na biyu. Ya danna famfon hannu ya ji laushi, ya sa farin tiyo tsakanin filta da injin, muka ga kumfa na wucewa jere. Tiyon da ke shiga filta ne ya tsage a ƙarƙashin maɗaurinsa. Ya yanke kamu ɗaya na yatsa, ya mayar, ya danna har ya yi tauri, motar ta tashi a murɗa ta biyu. Da ya faɗi kuɗinsa, kawu ya ɗaga guntun robar ya ce, "Malam, a kan wannan?" Mutumin ya ce, "Alhaji, a kan nemo shi." Sun daɗe suna ciniki, albasa kuwa ta rasa kasuwar ranar.