Waya ta kori dillali, to wa zai tsaya mana shaida?

Gwaggona tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida, a wani ƙauye kusa da Jogana a ƙaramar hukumar Gezawa. Shekara da shekaru autarta ce ke ɗaukar farantin talla, tun hantsi har la'asar. Wani hutu da na zo gida daga jami'a sai na ɗauki hoton man, na ɗora a status ɗina na WhatsApp. Kafin magariba wata 'yar ajinmu da ke Hotoro ta ce a kai mata galan biyu. Daga nan kasuwa ta buɗe. Direban mota ya karɓi kaya a bakin titi ya sauke a Yankaba, kuɗi su shigo ta waya. Yau yarinyar nan tana makaranta, faranti kuwa yana rataye a ɗaki. Don haka duk mai cewa soshiyal midiya ba ta tsinana mana komai ba, ya zo in kai shi gidanmu.

Amma akwai ranar da ba na mantawa. Wani mutum ya gan mu a wani zauren saye da sayarwa na Facebook, ya ce a kai masa jarka huɗu. Ya turo hoton rasit, suna daidai, adadi daidai. Muka ɗora kaya a mota. Kuɗi shiru. Muka ce ko matsalar sabis ce, muka jira kwana uku, muka kira, layi a kashe. Rasit ɗin na bogi ne. Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: "Kai ɗan nan, shi mai sayen, ɗan gidan waye?" Wallahi ban da amsa.

Tambayar nan ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mu matasa muna murna waya ta raba mu da dillali da la'adarsa, kuma gaskiya ne, manomi yanzu yana iya jin farashin gero a Dawanau kafin ya ɗaure buhu. Sai dai mun manta cewa la'adar nan ladan wani aiki ce. Dillali ya san mai sayarwa, ya san mai saye. Idan akuya ta zama ta sata, shi za a fara nema. Idan mai saye ya gudu da kaya, shi zai tsaya a gaban Sarkin Kasuwa. Wato shaida ne, kuma mutuncinsa ne jingina. Waya ta ɗauke shi daga tsakani, ba ta bar kowa a gurbinsa ba.

Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, shi ya tura iyayenmu cikin harkar tura kuɗi ta waya ba shiri. Da yawansu ba sa karanta boko, saƙon murya suke aikawa, alat kuwa sai an karanta musu. Wa ke karanta musu? Mu ne. Wa ke ɗora hoton kayan, ya yi ciniki, ya ce a saki? Mu ne. Ashe mu ne sababbin dillalai, sai dai mun ɗauki aikin mun bar nauyinsa.

Haka abin yake a wajen labari. A ajinmu na aikin jarida ana koya mana cewa kafin labari ya fita sai ya bi ta hannun edita, wanda zai amsa tambaya idan an yi kuskure. A zauren WhatsApp na unguwa babu edita. Manya suna tuna daren watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane ta waya a ce su yi wanka da ruwan gishiri su sha. Har asibiti wasu suka kwanta. A watan Afrilun 2025 kuma CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, bayan an yi ta yaɗa alƙawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya a zaurukan WhatsApp da Telegram. Galibi ba baƙo ne ya ja mutum ba, aboki ne ko ɗan uwa, wanda daga baya zai ce, "Ni ma turo mini aka yi."

Wasu abokaina na cewa mafita ita ce iyayenmu su koma kasuwa ido da ido. Ban yarda ba. Komawa baya na nufin ƙanwata ta koma ɗaukar faranti. Abin da nake gani shi ne mu shigo da ƙa'idar kasuwa cikin waya. Kada kaya su fita sai ka buɗe asusu da kanka ka ga kuɗi, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Baƙon mai saye ya kawo wanda ya san shi, ko ya biya kafin a ɗora. Mai riƙe da zaure ya san kowa da sunansa na gaskiya da unguwarsa. Kafin ka tura wa mahaifiyarka saƙon magani ko na neman kuɗi, ka tambayi kanka, idan ya zama ƙarya za ka iya tsayawa a gabanta?

Kuɗin jarka huɗun nan ni na biya Gwaggo, kaɗan-kaɗan, daga kuɗin makarantata. Ta ƙi karɓa da farko, na ce ai ni ne dillalin. Har yanzu ina ɗora mata kaya a status, amma ba na cewa a saki sai na iya amsa tambayarta. Allah Ya tsare mana iyayenmu da guminsu.