Bakin Tekun Da Ba A Kiɗa

Ina gaida 'yan makaranta, musamman masu shirin jarrabawa, Allah Ya ba da sa'a. Wasiƙunku suna isowa kuma ina karantawa. Wata ƙanwata 'yar aji biyar ta yi mana ƙorafi mu marubuta, wai me ya sa duk littafin soyayya da an ɗaura aure sai ango ya ɗauki amarya su tafi Tiga ko Bagauda, in ɗan masu kuɗi ne a ce Landan ko Dubai, babu sauran wurare ne a duniya? To ƙanwata akwai, kuma yau zan ba ki labarin guda ɗaya da na gani da idona.

Sunan wurin Chumbe, su masu wurin suna furta shi kamar "Cumbe". Wani ɗan tsibiri ne a gefen Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, tsawonsa bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, faɗinsa kuwa kamar mita 300. Albarkacin Yayata na samu zuwa, aiki ya kai maigidanta Darussalam, ni kuma aka tafi da ni rainon 'yarta. Daga Darussalam zuwa Zanzibar tafiyar kamar awa biyu ce a babban jirgin ruwa, daga nan kuma sai ƙaramin jirgi mai inji, wajen minti 45. Ku lura da lissafin lokacinsu in Allah Ya kai ku: daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe goma na safe namu su "saa nne" suke cewa, wato awa ta huɗu. Yarensu na Suwahili kuwa sai ki dinga tsintar kalmominki a ciki, labari su ce habari, sabulu sabuni, duniya dunia, duk albarkar Larabci. Galibin mutanen Musulmi ne, matansu da mayafi, ba wanda ya kalle mu don mun sa hijabi.

Jirgin ba ya kaiwa har tudu, sai mutum ya sauka ya taka ruwa. Yaya ta tattare zani tana salati kamar za a tsallake Siraɗi, ruwan nan ko gwiwa bai kai ba.

'Yan uwa, ni dai abin da na sani game da bakin teku shi ne abin da muke gani a fina-finan Indiya da labarin na Legas, kiɗa, dawakai, masu talla, samari suna bin mutum da ido. Nan babu ko ɗaya. Ba mota, ba babur, ba janareto, ba mai sayar da komai. Yashi fari sol kamar garin tuwon da aka tankaɗe, ruwa kuma garai-garai, kore daga kusa shuɗi daga nesa, kina tsaye a ciki kina ƙirga 'yan yatsun ƙafarki. Shirun wurin har sai da ya dame ni a awar farko, kunnen da ya saba da hon ɗin 'yan adaidaita. Can sai na fara jin abubuwan da shirun ya ɓoye, ruwa yana lasar yashi, tsuntsaye, iska cikin ganye. Sau biyu a kwana da yini tekun yana janyewa ya yi nisa ya bar fili, mutum ya yi ta yawo cikin 'yan kududdufai yana kallon ƙananan halittu, sannan ya dawo ya rufe komai kamar ba a yi ba.

Shirun nan fa ba haka kawai ya faɗo ba, tsare shi aka yi. Wata Bajamushiya mai suna Sibylle Riedmiller ce ta fara fafutukar a 1991, gwamnatin Zanzibar ta ayyana ruwan yammacin tsibirin a matsayin wurin da aka killace a 1994, aka buɗe wa baƙi a 1998. Ba a kamun kifi a wannan ɓangaren, ba a sare itace, ba a ɗaukar komai. Ɗakunan kwana guda 7 ne kacal, masu zuwa yini ma a ƙirge suke. Abin da ya burge ni, masu gadin ruwan da yawansu a da masunta ne daga ƙauyukan kusa, wato wanda ya san hanyar ɓarna shi aka ba amanar tsaro. Da tsada kam, ba zan ɓoye muku ba, kwana ɗaya muka yi shi ma sai da maigidan Yaya ya yi ta lissafi. Amma kuɗin a nan ake juya shi, albashin masu gadi da ɗawainiyar 'yan makaranta da zan zo kansu.

'Yar Yaya ta tsinci wuri a yashi, irin wanda kakanninmu ke ɗaura wa yara, ta damƙe a hannu. Mai yi mana jagora ya tsuguna ya lallashe ta har ta mayar, ya ce ko kwanson da ba kowa a ciki gidan wata 'yar ƙaguwa ne gobe. Ni kuwa sai na tsaya ina kallon wurin nan. Kun san a ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus sun yi ta loda wuri daga gaɓar Zanzibar a jirage zuwa Afirka ta Yamma, har ya iso kasuwannin ƙasar Hausa ya yi yawa darajarsa ta faɗi? Kalmar kuɗi ma asalinta jam'in wuri ce. Ashe abin da aka taɓa biyan sadakin kakannin kakanninmu da shi ne yake zube a ƙasa, yau ko ɗaya ba a yarda ka sa a aljihu ba.

Ɗakunan jinka ce ta ganyen kwakwa, mai faɗi, an lanƙwasa ta yadda duk ruwan saman da ya sauka zai gangara ya bi ta yashi da tsakuwa ya tace, ya taru a tanki ƙarƙashin daɓen ɗakin, don tsibirin ba shi da rijiya ko ɗaya, ƙasarsa dutse ce mai ramuka ba ta riƙe ruwa. Wuta ta sola ce, ruwan zafi ma rana ke dafawa. Ban ɗakin ba a kora shi da ruwa, busasshen ganye ake zubawa ya zama taki, kuma wallahi babu wari. Ruwan wanka shi ma ba a barinsa ya shiga teku, cikin wasu shuke-shuke ake bi da shi. Yaya ta ce, “Yo wannan ai gidan Inna ne na ƙauye, shi muka biya kuɗi muka zo gani?” Muka yi ta dariya. Da gaskiyarta ta wani ɓangaren, sai dai Inna ba ta da teku a ƙofar ɗaki.

Akwai doguwar hasumiya ta fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1904, matakalarta ta haura ɗari, na hau ina haki. Kusa da ita akwai ɗan ƙaramin masallaci tun na wancan zamanin, ginin salon Indiyawa. Har kuka na gani a dajin, irin tamu ta miya. An ce akwai wata 'yar jar gada da ta kusa ƙarewa a duniya da aka kawo aka ɓoye a nan, amma kun san halin gada, ba ta fito ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Washegari da hantsi sai ga jirgi cike da 'yan makaranta mata da malamarsu, sa'o'inku, da hijabansu. Kyauta ake kawo 'yan makarantun Zanzibar su ga abin da ke cikin tekunsu. Aka sa musu rigar ceto a kan kayansu, aka ba kowa gilashin ido da ɗan bututun shaƙar iska, aka fara da su a inda ruwa bai kai ƙugu ba. Da farko ihu da ƙanƙame juna, kamar dai yadda za mu yi. Kafin awa guda sun kama wata taya mai yawo a ruwa, mai gadi yana jansu, fuskokinsu a cikin ruwa, ba ka jin komai sai in ɗaya ta ɗago ta ƙwalla wa ƙawarta kira. Yaya ta harare ni don ta san abin da ke raina. Na ce, “Yaya, da doguwar riga da wando fa zan shiga, ga maigidanki a tsaye.” Ta ce, “In 'yan ruwa suka ja ki, ni me zan ce wa Inna?” Na dai shiga.

Tabarakallah. Murjanin da muka sani ja ne a wuyan tsofaffi, shi wannan daga Bahar Rum ake samo shi. Na nan duwatsu ne masu rai, don murjani dabba ce ba dutse ba ba kuma tsiro ba, wasu ƙananan halittu ne suke gina gidansu a hankali, wani irin a shekara bai fi santimita ɗaya yake ƙaruwa ba. Shi ya sa ba a taka shi, taku ɗaya sai ya rushe aikin shekaru. Akwai irinsa sama da 200 a wannan ɗan wurin, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa, kifaye kuma iri sama da 400, masu launin da ko a kantin atamfa ban taɓa gani ba. Rigar ceton nan ta riƙe ni cak, ko da na so nutsewa ba zan iya ba.

Da na fito na zauna a yashi sai Bagwai ta faɗo mini a rai. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, galibinsu 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Mu an rene mu da tsoron ruwa, kar ki je rafi, akwai aljanu, 'ya mace ba ta iyo. Amma ranar kasuwa ko biki mu ne ake cusawa cikin kwalekwale da goyo a baya, ba riga ba dabara. Namiji ko ba komai ya yi wasan kududdufi yana yaro. Su ma mutanen Zanzibar haka suke da, tsibiri guda amma mata ba su iya ruwa ba, kuma sun ga nasu tashin hankalin a 2011 da jirgin Spice Islander ya nutse da ɗaruruwan mutane. Yaran da na gani ba wadda ta tuɓe, ba wadda ta zubar da mutuncinta, malamarsu na kallo. Ban ce ku tafi kogi ku faɗa ba, kar wata ta ce ni na aike ta, wannan ganganci ne. Amma a ganina makarantun kwana na mata da ke kusa da madatsun ruwa za su iya neman mace ƙwararriya ta koyar, cikin sutura, a wuri killatacce. Kafin nan, duk wadda za ta shiga jirgin ruwa ta tambayi rigar ceto ba tare da jin kunya ba, in ta ga lodi ya yi yawa ta haƙura ta jira sahu na biyu, ko da za a ce ta cika tsoro.

Na manta ban gaya muku na daren ba. Bayan isha'i aka zaga da mu daji da tocila don ganin ƙaguwar kwakwa, wadda ta fi kowace ƙaguwar tudu girma a duniya, tana kai kilo 4, tana hawa bishiya, tana fasa kwakwa da hannunta. Muna haska wata a jikin dutse Yaya ta saki hannun mijinta ta ruga, takalminta ɗaya sai da safe aka samo shi.

Mai niyyar zuwa ta kauce wa watan Afrilu da Mayu, lokacin ruwan sama mai ƙarfi ne. Kanumfarin da na sayo a kasuwar Zanzibar kuwa ya ƙare tun a makon farko, masu aiko saƙon a ajiye musu ku yi haƙuri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.