Ɗan zanen nan fa kai ne

Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Doka an sha musu. Wani ƙanena kullum cikin kaftani da hula yake, amma ɗan zanen da ke wakiltarsa a WhatsApp da ɗan kunne da askin 'yan ƙwallo. Wai ai zane ne kawai.

Ni dai ban yarda ba. Kai ka zaɓi askin, kai ka zaɓi rigar, sunanka ne a jiki. Kuma yanzu masu binciken aure ba a unguwa kaɗai suke tsayawa ba, har waya suke leƙawa.

Ban ce a yanke wa yaro hukunci kan zane ba. Amma shigar da kake jin kunyar ratsa Babban Dodo da ita, don me za ka sa wa wakilinka?

Ku me kuka gani?