Kujerar Kansila Amana Ce, Kada Mutanen Kirki Su Guje Ta

Mun saba jin mutanen kirki suna cewa siyasa ƙazanta ce, sai su naɗe hannu. Ga namu ra'ayi, wannan tsantseni ne da aka ajiye ba a muhallinsa ba.

Darki ɗaya ce daga mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Wudil, kuma kujerarta na cikin kujerun kansila 484 da aka yi zaɓensu a Jihar Kano ranar 26 ga Oktoba, 2024. Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, maƙabartu da kwashe shara, ya kuma ba su hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Kansiloli ne ke tantance kasafin waɗannan ayyuka. Tun da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, nauyin ya ƙaru.

Haƙiƙa Manzon Allah (SAW) ya hana Abu Zarri muƙami saboda rauninsa. Amma Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi riƙon taskokin Masar, domin ya san aikin, kuma amintacce ne. Ma'auni ke nan: iyawa da amana.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, idan ka san wace rijiya ce ta ƙafe, wane aji ne ba rufi, fito ka nema. Mu kuma masu ƙuri'a, kada mu sayar da ita kan taliya da sabulu.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari.