Sun Haddace Sunan Ganga, Sun Kasa Rubuta Jimla

Ku leƙa ajin ƙarshe na sakandare ana gab da jarrabawar WAEC ko NECO, ku ji abin da ake yi da sunan darasin Turanci. Malam na gaban allo yana rera "noun clause, adverbial clause", yara suna amsawa baki ɗaya. Duk wannan hayaniya saboda tambaya guda ce a sashen auna fahimta, wadda ke cewa a faɗi sunan wani yanki na jimla a nahawu, a faɗi aikinsa. Makinta bai taka kara ya karya ba, amma a kanta ake ƙarar da zango.

To, miƙa wa ɗaya daga cikin yaran nan takarda ya rubuta wasiƙar neman izini. Sai ka ga: "Because my father is sick." Aya. Ya gama! Saboda mahaifinka ba shi da lafiya, sai aka yi yaya? Ganga dogarau ce, wato "adverbial clause" ɗin nan, wadda ya haddace sunanta jiya, ya sake ta ita kaɗai kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ba wanda ya taɓa zama da shi ya nuna masa cewa "because" da "although" da "when" alkawari suke ɗauka, dole wata ganga tsayayya ta zo ta cika shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne irin "My brother a driver." Nan take sai a ce yaro daƙiƙi ne. Ƙarya ne, Hausa yake yi da kalmomin Turanci. "Yayana direba ne", "ga ruwa", "babu kuɗi", duk cikakkun jimloli ne a wurinmu, kuma ba aikatau ko ɗaya a cikinsu. Rubutaccen Turanci kuwa ba ya yafe aikatau. Malamin da ya tashi da Hausa a baki zai iya warware wannan kafin a kaɗa ƙararrawa, amma an hana shi, wai Hausa a aji laifi ne, har tara ake cin yara a kanta a wasu makarantun.

Ga inda makin yake. Insha'in WAEC kalmomi kusan 450 ne, kuma ana duba yadda aka gina jimla da alamomin rubutu. A sashen taƙaitawa ma umarnin a fili yake: a amsa da jimloli. Wanda ya zuba guntaye, ko ya gane labarin sarai, sai an zaftare masa maki. Ba kiredit a Turanci, ba jami'a.

Na san malami ɗaya ba zai iya bin littattafan ajin da ya cika har bakin taga da jan biro ba, wannan kuma alhakin gwamnatocin da suka ƙi ɗaukar malamai ne. Amma makarantun kuɗi fa, masu karɓar kuɗin lesin kowane wata, mene ne uzurinsu? Su ma sufetocin ma'aikatar ilimi, in sun zo, littafin shirin darasin malam suke dubawa su sa hannu su tafi. Su buɗe jakar yaro guda mana, su ƙirga sau nawa aka gyara masa rubutu tun farkon zango.