Darasin Akokan ga mutanen Gure

A 1974 aka kafa kamfanin COMINAK domin haƙar yuraniyom a Akokan, kusa da Arlit, can cikin hamada. Kamfanin ya gina gidaje da asibiti, ya kawo ruwa da lantarki, gari ya cika. Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar: ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, kasuwa ta yi sanyi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Jama'ar Gure, mu lura, tun da bututun man Agadem ya ratsa jiharmu a 2011. Duk kamfanin da ya zo, magabata su nemi rijiyoyi, makarantu da koyon sana'a, waɗanda za su zama mallakar gari. Arzikin ƙasa yana ƙarewa, gari kuwa yana nan.