Ƙudus A Baki, Ƙuri'a A Zuci

Da zarar zaɓe ya gabato, sai a ga waɗansu 'yan siyasa sun tuna da hanyar Agege da Ojota da kasuwar Mil 12. Su zo da rawani aro, su tara 'yan Arewa, su yi ta kuka da halin da Falasɗinawa suke ciki, su ce abokin takararsu ɗan koren Isra'ila ne. Gobe kuma wani ɗan jam'iyyar tasu ya shiga majami'a a Ikeja, ya yi alkawarin kujerun ziyarar Birnin Ƙudus. Jam'iyya ɗaya ke nan, baki biyu.

Babu mai imanin da zai ga abin da aka yi wa mutanen Gaza tun daga Oktoba 2023 bai ji zafi ba, kuma hakkin Falasɗinawa na samun ƙasarsu ba abin ciniki ba ne. Saboda haka ne ma ya zama abin kunya a mai da shi jarin kamfe.

Wannan dabara ta girmi yawancin masu jefa ƙuri'a. A 1960 gwamnatin tarayya ta Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta karɓi rancen Isra'ila, Sardauna ya ce Jihar Arewa ba ta so, alhali kuwa su biyun 'yan NPC ne. A yaƙin neman zaɓen 1979 Cif Obafemi Awolowo na UPN ya nuna zai mai da hulɗar jakadanci da Isra'ila, abokan hamayya suka sami abin faɗa a Arewa. Tun daga nan aka sa wa talaka a rai cewa Musulmi ɗan Arewa shi ne na Falasɗinu, Kirista kuwa na Isra'ila.

To, a buɗe tarihi a gani. Wanda ya yanke hulɗa da Isra'ila a Oktoba 1973 Janar Yakubu Gowon ne, Kirista ɗan mai wa'azin bishara, yana bin matsayin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka wadda yake shugabanta a shekarar. Wanda ya mai da hulɗar a 1992 kuwa Janar Ibrahim Babangida ne, Musulmi ɗan Minna, shi da gwamnatinsa ta amince da ƙasar Falasɗinu a 1988. Duk sojoji ne, babu wanda ya nemi ƙuri'ar kowa kafin ya sa hannu. A 1984 Janar Muhammadu Buhari ya hana Sarkin Kano Ado Bayero da Ooni na Ife Okunade Sijuwade fita daga ƙasashensu har wata shida domin sun ziyarci Isra'ila. Da ya dawo da ƙuri'a a 2015, ya yi shekara takwas a kan mulki, ofishin jakadancin Isra'ila yana nan buɗe a Abuja bai taɓa shi ba. Ina masu cewa addinin ɗan takara shi ne ma'auni?

Sau ɗaya ne zaɓen Nijeriya ya yi kiciɓis da makomar Falasɗinawa ido da ido. Shugaba Goodluck Jonathan ya je ziyarar ibada Isra'ila a Oktoba 2013, ya koma a 2014, da gwamnoni da masu ɗaukar hoto a bayansa. Ranar 30 ga Disamba 2014 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya jefa ƙuri'a a kan ƙudurin da ya nemi a kawo ƙarshen mamayar Isra'ila kafin ƙarewar 2017. Ana bukatar ƙuri'a tara, aka sami takwas. Nijeriya, wadda aka zaci za ta cike ta taran, ta ƙaurace. Amurka ta huta da hawa kujerar na-ƙi, Firayim Minista Netanyahu ya fito ya gode wa Jonathan da suna. Wannan ya faru makonni kaɗan kafin zaɓe, kuma duk da haka Jonathan ya sha kaye a Maris 2015.

Ɗan Arewa mazaunin Ikko shi ya fi kowa asara a wannan wasa. Wanda ya raba masu ƙuri'a gida biyu da sunan addini, bayan zaɓe mota zai shiga ya koma Ikoyi. Mai tumatir da mai albasa da mahauci su ne za su kwana bango ɗaya da maƙwabcin da aka koya musu zarginsa. Rikicin Ketu na 1999, da na Idi-Araba na 2002, da na Mil 12 na 2016, ba a kan Falasɗinu aka yi su ba, amma sun isa su nuna wanda rumfarsa take ƙonewa idan unguwa ta rabu.

Ga kuma ungulu da kan zabo da ake yi wa jama'a: mai neman kansila, ko shugabancin ƙaramar hukumar Kosofe, ko kujerar gwamna a Alausa, ba shi da ta cewa a harkokin waje, wannan hurumin gwamnatin tarayya ne. Abin da yake hannunsa shi ne kuɗin rumfa, da rusau, da dokar hana acaɓa irin ta 2020 da ta 2022 wadda ta raba dubban matasa da abincinsu. Idan ya ɗauko zancen Gaza, a saurara masa cikin ladabi, sa'an nan a tambaye shi waɗannan. Mai neman shugabancin ƙasa kuwa ya faɗa a fili, a masallacin Agege da majami'ar Ikeja da lafazi ɗaya, wace ƙuri'a jakadansa zai jefa in rana irin ta 30 ga Disamba ta sake zagayowa.